Kada Ku Danna "Format": Dalilin da Ya Sa Kyamara Ke Ƙin Nuna Hoton Wata

A garuruwanmu na Rimin Gado, daga Gulu har Butu-Butu, ba kowane gida ke da kyamara ba. Mai hoto ɗaya kan yi wa gari guda aiki: suna, ɗaurin aure, walimar saukar Alƙur'ani, bikin yaye ɗalibai. Shi ya sa katin memori ke yawo hannu-hannu. A cire shi daga kyamarar mai hoto, a sa a ta malamin makaranta don a ga yadda aka fito. Sai allo ya ce babu hoto, ko ya nuna alamar tambaya, wani lokaci ma ya nemi a yi "Format". A nan ake tafka asara, domin wanda ya danna ya share hotunan ranar da ba za ta dawo ba.

Abin da muke so ƙannenmu su riƙe shi ne, galibi hotunan suna nan lafiya lau. Kyamarar ce ba ta gane su ba, kuma akwai dalilai huɗu da ke jawo haka.

Na farko shi ne wurin ajiya da suna. A shekarar 1998 kamfanonin lantarki na Japan suka amince da wata ƙa'ida mai suna DCF, domin kyamarori su riƙa karanta katin juna. Ƙa'idar ta ce a zuba hotuna cikin babbar jaka mai suna DCIM. A cikinta akwai ƙananan jakunkuna masu lamba daga 100 zuwa 999 da haruffa biyar, kamar 100CANON. Sunan hoton kuma haruffa huɗu ne da lambobi huɗu, kamar IMG_0001 ko DSC_0001. Kyamara tamkar malamin aji ce mai kiran suna daga rajista: wanda ba a rubuta shi yadda ya kamata ba, ko yana zaune a gaba, ba za a kira shi ba. Idan kun sa kati a kwamfuta kuka canza sunan hoto zuwa "Walimar Yaya", ko kuka fitar da shi daga DCIM, kyamara za ta tsallake shi. Haka ma hoton waya. Wayoyin Android suna da jakar DCIM, amma sukan ba hoto dogon suna mai ɗauke da kwanan wata da lokaci, wanda yawancin kyamarori ba sa dubawa.

Na biyu shi ne nau'in hoton. Wanda kowace na'ura ta sani shi ne JPEG, da aka kafa ƙa'idarsa a 1992. Yana matse hoto ya zama ƙarami ba tare da ido ya ga bambanci sosai ba. Amma ƙwararrun masu hoto sukan ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoto da ba a sarrafa ba, domin su gyara haske da launi daga baya. Matsalar ita ce kowane kamfani da irin nasa: na Nikon NEF ne, na Canon CR2 ko CR3, na Sony ARW. Canon ba ta buɗe NEF, Nikon ma ba ta buɗe CR2. Sannan tun 2017 wayoyin iPhone suka koma ajiye hoto da HEIC, wanda tsofaffin kwamfutoci da kyamarori ba su san shi ba. Wannan ya shafe ku kai tsaye, domin shafukan rajistar jarrabawa da na neman gurbin karatu galibi JPEG suke nema, mai ƙaramin nauyi. Ɗalibin da ya hau mota zuwa Kano da hoton fasfo na HEIC zai iya ɓata yini a shagon kwamfuta kafin a gano inda gizo ke saƙa.

Na uku shi ne gyara. Kowane hoton kyamara yana ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira Exif: ranar ɗauka, sunan kyamara, da wani ɗan mitsitsin kwafin hoton. Da wannan ɗan kwafin kyamarori da yawa ke jera hotuna a allo. Idan aka yanke hoton ko aka yi masa kwalliya a manhaja, bayanin kan canza ko ya ɓace, har kyamarar da ta ɗauke shi ta ƙi shi. WhatsApp ma yana matse hoto yana cire wannan bayani, sai dai in an tura shi a matsayin takarda.

Na huɗu shi ne katin kansa. Duk kama ɗaya suke a ido, amma ba ɗaya ba ne. Katin SD na asali iyakarsa GB 2. A 2006 aka fito da SDHC mai kaiwa GB 32, a 2009 kuma SDXC wanda ya wuce haka. Tsohuwar kyamara 'yar gwanjo da aka ƙera kafin zuwan sabon kati ba za ta iya karanta shi ba, sai ta ɗauka ya lalace ta nemi a goge shi.

To, mene ne abin yi? Da zarar kun ga "Format" a kan katin da ke da hotuna, ku zaɓi a'a, ku kashe kyamarar, ku cire katin. A gefen babban katin SD akwai ɗan makulli; ku ja shi ƙasa kafin ku ba kowa aro, ba za a iya gogewa ko ƙara komai ba. Ƙaramin katin waya ba shi da makulli, amma gidan da ake zura shi ciki yana da shi. Ku duba hotuna a kwamfuta ko a waya ta na'urar karanta kati, wadda ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Ku kwafe su wuri biyu kafin ku taɓa suna ko ku yi gyara, kuma ku yi gyaran a kan kwafin.

In za ku karɓi aiki daga mai hoto, ku ce masa, "Malam, don Allah a ba mu na JPEG." Mai iPhone kuwa ya shiga saitin kyamara ya zaɓi "Most Compatible", daga nan wayar za ta riƙa ɗauka da JPEG.

Idan kuma an riga an danna, kada a sake ɗaukar ko hoto ɗaya da katin. Gogewar yau da kullum jerin sunaye take sharewa, hotunan suna nan kwance har sai sababbi sun hau kansu. Ku ajiye katin a ambulan, ku kai wa mai gyaran kwamfuta da ke da manhajar dawo da hotuna. Sau da yawa ana dacewa.