Rawani da Kaki: Yadda Hoto Ke Tsayar da Kamannin Manya

A gari irin Kelle, da ke gundumar Gure ta jihar Damagaram, inda tafiyar Yamai ta zarce kilomita dubu, talaka yakan san shugaban ƙasa ne ta hoton da aka rataya a bangon ofis, wato hoton hukuma, wanda ake ɗauka bayan an tsara tsayuwa da tufafi da haske. Irin wannan hoto ba kamannin kullum yake nunawa ba. Siffa guda yake zaɓa ya maimaita, har ta zauna a zukata a matsayin mutumin kansa.

Tufafi su ne ke ɗaukar mafi yawan wannan nauyi. Sayni Kunce, wanda ya kifar da Diori Hamani a ranar 15 ga Afrilu 1974 ya yi mulki har rasuwarsa a 1987, da wuya a tuna shi ba cikin kaki ba, kamar yadda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ba ya zuwa a zuci sai da rawani da babbar riga. Lamarin sarakuna ya fi ban sha'awa, domin amawali, ɓangaren rawanin da ke rufe baki, yakan ɓoye rabin fuska, ta yadda abin da na'ura ke kamawa sarauta ce fiye da mai riƙe da ita, alhali kuwa an ƙirƙiro hoton fuska ne don a bambance wane da wane.

Kuɗi ma sun shiga wannan aiki. Nijeriya ta sa Murtala Muhammad a takardar naira 20 a 1977, shekara guda bayan kashe shi, ta kuma sa Sardauna a ta naira 200 a 2000, saboda haka ɗan kasuwar kan iyaka yana ganin fuskokinsu kullum, yayin da takardar sefa, wadda ƙasashe takwas ke tarayya a kanta, ba ta ɗauke da fuskar kowane shugaba.

Hoton malamai kuwa ba hukuma ce ke yaɗa shi ba. Hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975, mabiya Tijjaniyya ne ke saye su liƙa a ɗaki da shago da gilashin mota, don ƙauna da neman albarka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, shekara 22 kafin a bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa, bai bar hoto ko ɗaya ba, sai littattafansa da hubbarensa a Sakkwato.