Dutsen Sama Mai Baƙi Kamar Gawayi

Duk wanda ya kwana a tsakar gida a Sabon Birni ko Isa lokacin bazara ya san yadda taurari ke cika sama. Amma akwai wani ƙaton dutse can sama da ido ba ya gani, ko da an ɗauke wuta garin duka. Sunansa Hygiea, ana furta shi Haijiya. A'a, ba Hajiya ba.

Yana cikin ɗimbin duwatsun da ke zagaya rana tsakanin duniyar Mirrihi da ta Mushtari, can gefen waje inda sanyi ya fi tsanani. Wani masanin taurari ɗan Italiya, Annibale de Gasparis, ya gano shi a 1849. Faɗinsa kusan kilomita 430 ne, wato ya fi tafiyar Sakkwato zuwa Zariya, kuma shi ne na huɗu a girma cikinsu. Kafin ya zagaya rana sau ɗaya, shekara biyar da rabi ke nan. Ɗan aji ɗaya da ya shigo bana, sai yana aji shida.

To me ya ɓoye shi? Nisa, da kuma baƙi. Jikinsa na ɗauke da sinadarin kabon, wanda shi ne a gawayin mai shayi. Cikin kashi 100 na hasken rana da ke sauka kansa, kusan 7 kawai yake mayarwa.

Masana na bibiyar irin waɗannan duwatsu don suna riƙe da ruwa cikin laka da ƙanƙara tun farkon samuwarsu. A 2010 an ga alamar ƙanƙara a jikin maƙwabcinsa Themis.

Kada mu ɗauka labarin na nesa ne, don ɓaraguzan duwatsun sama kan faɗo mana. Ranar 3 ga Afrilu, 1984, wani ya faɗo a gona kusa da ƙauyen Bogga Dingare na yankin Gujba, a Jihar Yobe ta yau. Masana sun sa shi cikin dangin masu kabon, duk da ƙarfe ya yi masa yawa. Sai dai kafin su iso an farfasa shi, akasarinsa ya watse a hannun jama'a. Mu wannan ya ba mu haushi.

Saboda haka in baƙin dutse mai nauyi ya faɗo gonarku bayan ƙara da haske, kada a sa masa guduma, kada a wanke shi. A naɗe shi cikin leda mai tsabta, a nemi malamin kimiyya.