Yadda Bahaushe Ke Kallon Wasan Dandamali

Bahaushe ba ya kallon wasan kwaikwayo da bakinsa a rufe. Duk wanda ya taɓa zama a filin makaranta ko gidan matasa ranar da ake wasan dandamali ya san haka. An yaye labule, wanda galibi zanen gado ne guda biyu da aka ɗaura a igiya. Mai fitowa a alhaji ya shigo yana saɓa babbar riga, ya rantse wa uwargida cewa daga masallaci yake. Sai ka ji daga can bencin baya wani ya ɗaga murya: "Ƙarya yake yi, Hajiya, daga zance yake!" Ɗan wasan da ya san hannunsa ba zai yi kamar bai ji ba. Zai juyo ya harari wajen, ya ce, "Malam, da kai aka je?" Fili ya kece da dariya, wasa kuma ya ci gaba kamar dama da wannan aka tsara shi.

Wannan ɗabi'a ba a makarantar boko aka koyo ta ba. Daga tashe ta fito. Idan azumi ya kai goma, yara da samari kan bi gida-gida bayan shan ruwa, wani ya manna gemun auduga ya dogara sanda ya zama tsoho, wani ya cusa tsummokara a ciki, wani ya rungumo tarkacen saiwoyi da ƙulle-ƙulle ya zama Jatau mai magani. 'Yan mata su yi na Mairama da Daudu, inda ake koya wa amarya zaman gidan miji a gaban matan da suka daɗe a cikinsa. Tsakar gida ce dandamalin, aci-balbal ko fitilar ƙwai ce hasken, masu kallo kuwa su ne masu amshi, su ne kuma masu biya da hatsi ko 'yan kuɗi. A Kano har sarauta aka yi wa abin: Nalako, sarkin gwagware, shi ke farautar mazan da azumi ya riska ba mata, a ɗaura musu igiya a zaga gari da su. Gwauron ya san da shi ake, unguwa ma ta sani, amma ba mai kai ƙara, don wasa ne.

A fada akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki ke shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, wani lokaci mai abin yana zaune yana gani. A ƙauye bayan an kawar da amfanin gona samari kan yi kalankuwa, su naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka, su yi shari'a, su ci tara. 'Yan kama kuma su zauna kamar malamai a kan buzu su yi ta jan baki a kan tuwo da miya. Idan ka duba, abu ɗaya ke gudana a cikinsu duka: na ƙasa ya samu damar nuna wa na sama yadda ake ganinsa, a yi dariya, a watse lafiya. Da wannan idon Bahaushe ke zuwa kallon sabon wasa har gobe. Tambayarsa ta farko ita ce, wa ake nufi? In ya gane maƙwabcinsa ko mai unguwarsu ko kansa, wasa ya yi kyau. In bai gane kowa ba, komai tsadar kayan da aka sa, zai ce ba ma'ana.

Da boko ya zo sai wasan ya samu takarda da labule. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi da kuma lokacin da yake koyarwa, yana zungurar zaluncin masu mulki da 'yan kasuwa. Abubakar Tunau ya fito da Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya yi Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada ya yi Uwar Gulma, Umaru Ɗanjuma Katsina ya yi Kulɓa Na Ɓarna a 1979, wanda har yau in an ga attajiri na hure wa 'yar makaranta kunne da kuɗi sai a tuna Alhaji Ruwan Ido na cikin wasan. Waɗannan su ne ɗalibai suka yi ta hawa dandamali da su shekara da shekaru. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa, tun daga shekarun 1970, malamai da ɗalibai suka riƙa ɗaukar wasa suna kai wa mutanen Samaru da ƙauyuka irin su Maska da Bomo, su zauna da manoma su ji kukansu, su mayar da shi wasa a gabansu, a tsaya a tsakiya a tambayi jama'a yadda za a warware.

Amma inda dandamali ya fi samun gata shi ne Nijar. Bayan Seyni Kountché ya hau mulki a 1974 an farfaɗo da samariya, aka riƙa gasar wasanni a bikin matasa na ƙasa, daga gunduma zuwa jiha har a kai ga zakaran ƙasa. Damagaram ta yi suna a nan, kuma sunan ɗan wasa Yazi Dogo ya shiga kowane gida ta rediyo da talabijin. Yadda suke shirya wasa abin a tsaya a duba ne, domin kuwa haka akasarin ƙungiyoyinmu ke yi har yanzu. Ba a raba wa kowa takarda ya haddace. Shugaba zai zaunar da 'yan wasa ya ba su labarin da baki, a yanka shi fitowa-fitowa, a ce kai ne mai gari, ke ce kishiya, kai ne ɗan ci-rani da ya dawo daga kurmi da rediyo a kafaɗa da aljihu wayam. Abin da kowa zai faɗa kuwa daga cikinsa zai fito. A yi ta maimaitawa da yamma bayan an tashi daga aiki, maganar da ta ba da dariya a riƙe ta, wadda ta faɗi ƙasa a bar ta. Shi ya sa wasa ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu, kuma shi ya sa mutum kan koma kallon abin da ya riga ya san ƙarshensa.

Masu nazari sun raba wasa gida biyu, na barkwanci da na ban tausayi. Mai kallo a nan bai cika damuwa da wannan iyaka ba. Wasan auren dole da zai sa mata share hawaye da bakin mayafi, a cikinsa za ka tarar da boka yana zazzare ido yana neman baƙar akuya mai ƙafa uku. Wasan da aka shiga don dariya kuma sai ya ƙare a gaban alƙali an yi tsit. Su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero da Karkuzu sun nuna cewa ban dariya ba shashanci ba ne. Samanja tsohon soja ne, da Hausar barikinsa ya faɗi abubuwa a kan soja da farar hula a zamanin da soja ke mulki, aka yi dariya aka kuma ji. A ganina wanda ya iya sa mutane dariya a kan abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya ya fi mai sa su kuka wahalar samu.

Akwai ladubban da ba a rubuta ba. Wasa kan buɗe da sallama, ya rufe da godiya da neman afuwar wanda aka taka. Ba a taɓa addini, ko da za a yi wa malamin tsibbu tsiya. Namiji da mace ba sa riƙe juna. Ɗaki ɗaya da tabarma ɗaya sun isa a gane mata da miji ne. A makarantun maza yaro ke ɗaura ɗankwali ya yi uwargida, kuma sau da yawa shi ke tafiya da ranar. Mugu ba ya tsira, in ba haka ba jama'a su watse suna gunaguni. Batun kuɗin ƙofa kuwa, Bahaushe na ƙyashin biya, amma ɗan wasa ya burge shi zai taso har gaban dandamali ya liƙa masa a goshi.

Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990, 'yan wasa suka yi ta ƙaura zuwa fim, yanzu kuma zuwa waya. Dandamali ya koma makarantun sakandare, da Makon Hausa na jami'o'i da kwalejoji, da bikin Ranar Hausa ta 26 ga Agusta, da wasannin faɗakarwa a kasuwa da ƙofar mai gari. Sababbin wasannin sun bi zamaninsu: shaye-shayen ƙwaya, garkuwa da mutane, damfara ta waya, ɗan siyasa mai rabon taliya, amaryar da ke girki tana ɗaukar kanta a TikTok. Wasu na da kyau ƙwarai. Waɗanda ke ba ni haushi su ne na kwangila, inda wata ƙungiya ta biya a isar mata da saƙo, sai a fito da wani cikin farar riga ya tsaya ya yi lacca ta minti goma. Da ya fara za ka ga masu gyaɗa da rake sun samu ciniki, don an daina kallo.

Saboda haka in ka ji ɗalibai ko samarin unguwa za su yi sabon wasa, ka je, ka tafi da yaranka, ka zauna kusa. Ka lura ko maganar bakinsu irin ta gidajenmu ce, ko sun bar maka wurin sa baki. In sun yi daidai ka liƙa musu, in sun kauce ka tare shugabansu bayan an tashi ka faɗa masa.