Yadda sankarar hanji ke bijire wa magani

Likitocin sankara sun saba da wani al'amari mai sanyaya gwiwa. Za a fara yi wa mai sankarar babban hanji allurar kemo, hoto ya nuna ƙarin da ke cikinsa ya motse, ya soma cin abinci, hankalin iyali ya kwanta. Bayan wasu watanni sai ciwon ya dawo, a sake ba da maganin da ya yi aiki a baya, amma a wannan karo ko gezau.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mutum fiye da miliyan 1.9 ne suka kamu da sankarar babban hanji da dubura, fiye da 900,000 kuma suka rasu. Ita ce ta biyu wajen kisa a cikin ire-iren sankara, kuma da zarar ta bazu zuwa hanta ko huhu, bijire wa magani na cikin manyan dalilan da ke sa a rasa majinyaci.

Yadda magungunan ke aiki

Kowace ƙwayar jiki, kafin ta rabu biyu, sai ta kwafi DNA ɗinta, wato kundin umarnin da ke tafiyar da ita. Ƙwayar sankara ba ta daina rabuwa, don haka a nan ake yi mata kwanton ɓauna.

Tsohon makamin shi ne 5-FU, wanda Charles Heidelberger da abokan aikinsa suka samar a Amurka a 1957. Yana toshe wani sinadari mai suna thymidylate synthase, wanda ke ƙera ɗaya daga cikin tubalan gina DNA. Na biyu, oxaliplatin, yana ɗaure zaren DNA ya hana a karanta shi. Na uku, irinotecan, wanda asalinsa daga wata bishiya ce ta ƙasar Sin, yana kama sinadarin da ke warware zaren, sai zaren ya tsinke. Akan haɗa 5-FU da ɗaya daga cikin biyun, shi ne abin da ake gani a katin majinyaci da sunan FOLFOX ko FOLFIRI.

Dabarun tsira

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan makamai, ƙwayar sankara tana da hanyar kauce masa. Wata takan ninka yawan sinadarin da 5-FU ke toshewa, har maganin ya kasa rufe dukkan ƙofofin. Wata takan ƙera DPD da yawa, sinadarin da hanta ke amfani da shi wajen lalata fiye da kashi 80 cikin 100 na 5-FU, sai maganin ya mutu tun kafin ya taɓa komai.

Akwai masu ƙara yawan wasu ƙananan famfuna a bangon jikinsu, irin su ABCG2, waɗanda ke kwashe irinotecan suna zubarwa waje, kamar mai kwarfar ruwa daga ɗaki ana tsaka da ruwan sama. Akwai kuma masu ƙarfafa sinadaran gyara, irin su ERCC1, su kwance ɗaurin da oxaliplatin ya yi.

Mafi muni ita ce ƙwayar da ta ƙi mutuwa. A lafiyayyen jiki, idan DNA ya lalace ƙwarai, wani furotin mai suna p53 yakan umarci ƙwayar ta hallaka kanta. A kusan rabin masu sankarar hanji, wannan mai gadi ya riga ya lalace. Wasu ƙwayoyin kuma sukan lafe su daina rabuwa har sai an gama magani, sannan su farka.

Hatta ƙwayoyin bakteriya suna da hannu. A 2017 masu bincike a birnin Shanghai sun nuna cewa Fusobacterium nucleatum, wadda aka fi sani a cikin baki, tana iya zama a cikin ƙarin hanji ta taimaka masa ya jure 5-FU da oxaliplatin.

Magani na tankaɗe

Abin da ya haɗa duk waɗannan shi ne cewa ƙari taron ƙwayoyi ne miliyoyi masu bambancin hali. Kemo yakan kashe masu rauni, ya bar 'yan tsirarun da ke da dabara, su kuma su hayayyafa su cike gurbin. 'Yan Najeriya sun ga irin wannan a zazzaɓin cizon sauro, lokacin da kulorakwin ya daina aiki har aka sauya shi.

An ga hujjar hakan ƙarara a kan cetuximab da panitumumab, magunguna na zamani da ke toshe saƙon da ke sa ƙwaya girma. Kusan kashi 40 cikin 100 na masu ciwon suna da sauyi a ƙwayar gado mai suna KRAS, wanda ke barin makunnin girma a kunne, don haka magungunan ba sa yi musu amfani. A 2012 bincike biyu da mujallar Nature ta wallafa sun nuna cewa ko a waɗanda ba a ga sauyin ba da farko, yakan ɓullo a cikin jininsu ana tsaka da jinya, watanni kafin hoto ya nuna ciwon ya dawo.

Abin da aka gano a Najeriya

A kimanin kashi 15 cikin 100 na masu ciwon, tsarin da ke gyara kurakuran kwafin DNA ya lalace, yanayin da likitoci ke kira MSI. Irin wannan ƙari bai cika jin 5-FU shi kaɗai ba, amma yakan ji magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, irin su pembrolizumab, wanda Amurka ta amince da shi don wannan rukuni a 2017.

A 2021 likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, sun wallafa binciken da ya gano MSI a kusan kashi 28 cikin 100 na majinyatan Najeriya da aka gwada. Adadin waɗanda aka gwada bai da yawa, amma saƙon yana da nauyi: maganin da zai fi dacewa da wani kaso mai yawa na majinyatanmu shi ne wanda tsadarsa ta fi ƙarfin mafi yawan iyalai.

Saboda haka, iyalin da za su sayar da gona don biyan kuɗin kemo suna da haƙƙin tambayar likita ko an gwada tsokar da aka ciro don duba KRAS da MSI. Haka kuma dawowar ciwo ba ta nufin an rufe ƙofa, domin wanda FOLFOX ya daina yi wa aiki ana iya mayar da shi kan FOLFIRI.

Sai dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙaramin ƙari da bai bazu ba, tiyata kaɗai na iya raba mutum da shi. Jini a bayan gida, sauyin yanayin bahaya na tsawon makonni, rama da ƙarancin jini ba tare da dalili ba, duk alamu ne da ke buƙatar a leƙa hanji da na'ura a asibiti, kafin a yanke hukuncin cewa basir ne.