Kwangilar ayyukan kwamfuta daga Turai: me ya sa arhar albashi kaɗai ba ta kawo ciniki?

Idan mazaunin birnin Lyon ya kira kamfanin wayarsa don yin ƙorafi kan kuɗin da aka cire masa, sau da yawa wanda zai amsa masa yana zaune ne a Kasablanka, ko Dakar, ko Antananarivo. Haka ma manhajar bankin da ke cikin wayarsa, ta yiwu a Rabat ko Tunis aka rubuta wani sashe nata. Kamfanonin Turai sun daɗe suna bai wa kamfanonin ƙasashe masu tasowa kwangilar irin waɗannan ayyuka, domin rage kuɗin da suke kashewa. Sai dai ƙasashen da albashi ya fi arha, irin su Nijar da Chadi, ba su ne ke samun kwangilolin ba. Dalilin yana cikin yadda masu bayar da aikin ke yin lissafinsu.

Yadda harkar take

Ayyukan hawa-hawa ne. A ƙasa akwai amsa kiran waya, tallar kaya ta waya, da shigar da bayanai cikin kwamfuta. A tsakiya akwai lissafin albashi, kula da takardun inshora da warware matsalolin na'urori daga nesa. A sama kuwa akwai rubuta manhajoji, tsaron intanet da aikin injiniya. Duk hawan da aka ƙara, kuɗin da ake biya a kowace awa yana ƙaruwa, kuma sauya ɗan kwangila yana ƙara wuya ga mai aikin.

Kwangilar kan fayyace ma'aunin da za a bi. A cibiyoyin kiran waya, ma'aunin da aka fi sani shi ne a amsa kashi 80 cikin 100 na kira kafin daƙiƙa 20 su cika. Idan ɗan kwangila ya gaza, ana zaftare masa kuɗi. Idan gazawar ta yawaita, aikin ya koma hannun wani.

Darasin Indiya

Indiya ce ta fara nuna girman wannan kasuwa. A 1985 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya buɗe cibiya a Bangalore, yana aika aiki ta tauraron ɗan adam. A 1991 gwamnati ta kafa hukumar da ke kula da unguwannin kamfanonin manhaja, inda aka samar musu da layin sadarwa da sassaucin haraji. Da shekarar 2000 ta matso, kamfanonin Amurka da Turai suka shiga fargabar cewa tsoffin kwamfutocinsu za su rikice wajen karanta kwanan wata, sai suka miƙa wa injiniyoyin Indiya aikin gyaran. Kamfanoni irin su Infosys, TCS da Wipro sun yi amfani da wannan dama suka riƙe abokan cinikin. A yau fannin yana juya fiye da dala biliyan 250 a shekara, kuma yana ɗaukar ma'aikata sama da miliyan 5.

Arha ce ta buɗe wa Indiya ƙofa, amma abin da ya zaunar da ita shi ne ɗimbin injiniyoyin da jami'o'inta ke yayewa, da kuma sunan da kamfanoninta suka yi wajen cika alkawari.

Maroko da kasuwar masu Faransanci

Indiya da Turancin Ingilishi take aiki, don haka kasuwar Faransa da Beljiyam ta rage ga masu jin Faransanci. Maroko ta saka wannan fanni cikin shirinta na bunƙasa masana'antu mai suna Emergence a 2005. Ta gina unguwanni na musamman, irin su Casanearshore a Kasablanka da Technopolis kusa da Rabat, masu lantarki da intanet tsayayyu, ta rage haraji, ta kuma tallafa wajen horar da sabbin ma'aikata. A 2009 ta kafa dokar kare bayanan jama'a. Kusancinta da Turai ya taimaka: manaja na iya tashi daga Paris ya isa Kasablanka cikin awa uku, kuma agogon ƙasashen biyu bai cika bambanta da fiye da awa ɗaya ba. Yanzu fannin yana ɗaukar mutum fiye da 100,000, kuma shirin da gwamnati ta ƙaddamar a watan Satumban 2024 na fatan kuɗin shigarsa ya kai dirhami biliyan 40 nan da 2030.

Da albashi ya hau a Maroko, ƙananan ayyuka suka fara gangarowa kudu. Senegal ta shiga harkar tun 2002 da kamfanin PCCI a Dakar. Kamfanin Intelcia, wanda aka kafa a Maroko, ya buɗe rassa a Duwala, Dakar da Abidjan. Madagaska ma ta ja kamfanoni da dama bayan da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka iso ta a 2009 da 2010.

Abin da mai bayar da aiki ke dubawa

Na farko shi ne lantarki da intanet. Cibiyar da wuta ta ɗauke mata na rabin awa ta riga ta karya ma'aunin kwangilarta na wannan yini. Janareto na iya cike giɓin, amma kuɗin mai yana cinye arhar da ake taƙama da ita. A ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin teku huɗu, wato WACS, ACE, MainOne da SAT-3, sun lalace a gaɓar Côte d'Ivoire, intanet ya tsinke a ƙasashe da dama na yammacin Afirka. Tun kafin wannan rana, masu bayar da aiki kan tambayi ɗan kwangila ko yana da layi na biyu da ke bi ta wata hanya daban.

Na biyu shi ne doka. Tun ranar 25 ga Mayu 2018, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta ɗora wa kamfani alhakin bayanan abokan cinikinsa ko da a wata nahiya ake sarrafa su, kuma tarar na iya kaiwa kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na shekara. Shi ya sa bankuna da kamfanonin inshora ke neman shaidar tsaron bayanai irin ta ISO 27001 kafin su sa hannu.

Na uku shi ne ma'aikata: yawan masu ƙwarewa, da tsawon zamansu a wurin aiki. Kamfanin da ma'aikatansa ke yawan tafiya kullum yana cikin horar da sabbi. Sai kuma kwanciyar hankalin siyasa da darajar kuɗi. A nan ƙasashen sefa suna da abin nunawa, tunda yuro ɗaya yana nan daram a kan sefa 655.957, abin da ke sauƙaƙa wa abokin ciniki na Turai lissafi.

Barazanar da ke tafe

Waɗanda suka tsaya a hawan ƙasa su ne suka fi shiga haɗari. A ranar 30 ga Yuni 2025 Faransa ta kafa dokar da ta hana kiran mutum don yi masa talla ba tare da amincewarsa ba, daga 11 ga Agusta 2026. Wannan ya shafi cibiyoyin Maroko, Tunusiya da Senegal da suka dogara da tallar waya. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara amsa tambayoyi masu sauƙi da a da sai mutum ke amsawa.

Sabbin ayyukan da wannan fasaha ta kawo ma ba duka ne masu tsoka ba. A watan Janairun 2023, mujallar Time ta bayyana cewa ma'aikatan kamfanin Sama a Kenya, masu tace munanan rubuce-rubuce domin OpenAI, ana biyan su ƙasa da dala 2 a awa.

Ina ƙasashen Sahel suka tsaya?

Nijar da Chadi ba su da gaɓar teku, don haka intanet ɗinsu sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta, abin da ke ƙara masa tsada. Aikin shimfiɗa wayar intanet da ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi, an tsara shi ne don ya ba su hanyoyi fiye da ɗaya. Nijar tana da dokar kare bayanai tun 2017 da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Amma matsalar wuta ta fito fili a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take ba ta kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, ta katse layin na tsawon watanni. Tsamin dangantaka tsakanin Yamai da Paris ma abu ne da kamfanin Faransa zai auna kafin ya kawo aiki.

Kasuwar da ta fi kusa da hannu ita ce ta gida da ta yanki: kamfanonin waya, bankuna, masu aika kuɗi da ma'aikatun gwamnati, waɗanda ke buƙatar manhajoji da masu amsa kira cikin Hausa, Zabarmanci ko Larabci. Babu wani kamfani a Kasablanka ko Bangalore da zai fi ɗan Maraɗi ko Damagaram iya wannan. A irin waɗannan ƙananan kwangiloli ne kamfani ke tara shaidar aikin da babban abokin ciniki daga waje zai fara tambaya kafin a zo maganar farashi.