4.2 Matsalar Sabunta Babbar Manhajar Kwamfuta da Hanyoyin Magance Ta a Dandin Mahe

A wannan sashe za a yi bayani a kan dalilan da ke sa aikin sabunta babbar manhajar kwamfuta ya cije, da matakan da ya kamata a bi idan hakan ta faru. Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da dukkan ayyukan kwamfuta, kamar Windows ta kamfanin Microsoft da ke Amurka.

4.2.1 Asalin Matsalar

Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 11 a shekarar 2021, sannan ya daina kula da Windows 10 kyauta a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wannan ya sa masu kwamfuta komawa ga sabuwar manhajar. A gari irin Dandin Mahe da ke Ƙaramar Hukumar Shagari, kwamfuta ɗaya kan ɗauki takardun mutane da yawa, musamman a shagon buga takardu. Saboda haka idan ta ƙi tashi, asarar ba ta mai shago kaɗai ba ce.

4.2.2 Dalilai

Ana iya kasa dalilan gida huɗu. Na farko shi ne tsufan kwamfuta. Windows 11 tana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki mai gigabait 4, da rumbun ajiya mai gigabait 64, da na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, wadda tsofaffin kwamfutocin gwanjo da dama ba su da ita. Na biyu shi ne cikar rumbu, wanda kwamfuta ke nunawa da lambar 0x80070070. Na uku shi ne saɓani da direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa kwamfuta da abin da aka jona mata, kamar firinta. Lambarsa ita ce 0xC1900101. Na huɗu kuwa shi ne ɗaukewar wutar lantarki ana tsakiyar aiki.

4.2.3 Matakan Gyara

Da farko a rubuta lambar da ta bayyana, domin ita ce ke nuna ciwon. Daga nan a cire firinta da filash, a share tarkacen da ya cika rumbu, a sake gwadawa da cikakken batir ko janareta. Idan kwamfutar ta ƙi tashi sau biyu a jere, takan buɗe shafin gyara da kanta, inda ake iya janye sabuntawar. Haka kuma, Windows tana ajiye tsohuwar manhajar a jakar Windows.old, kuma ana iya komawa gare ta cikin kwana 10. Goge rumbu gaba ɗaya shi ne mataki na ƙarshe, domin yana tafiya da takardun jama'a. Ko an kai kwamfutar wurin mai gyara a Bodinga ko Sakkwato, a nemi ya fara kwashe takardun.

4.2.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa manhaja tana sake ɗoruwa, amma takardar da aka goge da wuya ta dawo. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Don haka kwafe takardu a filash kafin a fara sabuntawa shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci.