Ba a fafe gora ranar tafiya: yadda ake ƙera keken doguwar tafiya

A cikin shekara ta 1980, wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya tashi daga birnin Damagaram bisa keke, ya doshi arewa, har ya kai Tamanraset ta ƙasar Aljeriya. Duk wanda ya san hanyar nan ta arewa ya san abin da ke cikinta: fiye da kilomita 1200, ga rairayi da tsakuwa, ga zafin rana, ga nisan da ke tsakanin rijiya da rijiya. Keken da ake saye a kasuwa ba ya iya wannan tafiya, domin siririyar tayarsa nutsewa take yi cikin rairayi tun ba a je ko'ina ba. Saboda haka mutumin nan ya tsara keke nasa na musamman, mai faffaɗar taya wadda ake rage wa iska don ta baje bisa rairayi kamar tafin raƙumi. A shekara ta 1986 kuma ya sake ratsa Sahara, daga Alje zuwa Tumbuktu, bisa wani keke mai ƙafa uku a jere, da tayoyin gwaji na kamfanin Michelin.

To, faffaɗar taya irin wannan ba ta shiga jikin keke na yau da kullum. Sai an ƙera mata ganga tata. A Faransa da Ingila da Amurka da Japan akwai masu sana'a waɗanda wannan ne aikinsu: su ƙera gangar keke da hannu, ɗaya bayan ɗaya, daidai da jikin mai shi, da kayan da zai ɗauka, da irin hanyar da zai bi.

Mene ne gangar keke?

Gangar keke, wadda waɗansu ke kira firam, ita ce ƙarafan nan da aka haɗa wuri ɗaya, waɗanda sirdi da feda da ƙafafu da kan keke duk suke rataye a jikinsu. In mai karatu ya dubi keke daga gefe, zai ga siffa biyu masu kusurwa uku-uku, babba a gaba, ƙarama a baya. An zaɓi wannan siffa ne domin abu mai kusurwa uku ba ya lauyewa sai in ɗaya daga ɓangarorinsa ya karye. Tun ƙarshen ƙarni na 19, bayan John Kemp Starley ya fito da kekensa mai suna Rover a birnin Coventry na Ingila a 1885, aka daidaita bisa wannan tsari, kuma har yau shi ne aka fi bi.

Taya in ta fashe a liƙe ta, sarƙa in ta tsinke a haɗa ta a gefen hanya. Amma ganga in ta karye tafiya ta tsaya. In kuwa a tsakiyar daji ne, ruwa ya kusa ƙarewa, to magana ta wuce asarar dukiya, ta zama maganar rai.

Awo kafin yanka

Maƙerin ganga kamar tela yake fara aikinsa. Yakan auna tsawon mutum, da tsawon ƙafarsa, da na hannunsa da gadon bayansa, ya tambayi nauyinsa. Sa'an nan ya tambaye shi inda za shi, da kilo nawa na kaya zai ɗora. Wannan tambaya ba ta banza ba ce, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, mai ratsa hamada kuwa ruwa ne mafi yawan kayansa.

Daga amsar da ya samu yake zana gangar bisa takarda ko cikin kwamfuta. A keken tsere, ƙarafan da suka tashi daga gindin feda zuwa ƙafar baya gajeru ne, kimanin santimita 41. A keken tafiya akan ƙara su su kai 45 ko 46, don kada dunduniyar mahayi ta riƙa bugun jakunkunan da aka rataya a kariya, kuma don keken ya riƙa tafiya a natse. Akan ɗan kwantar da gwafar gaba, watau ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba, don kada kan keke ya yi rawa in kaya sun yi nauyi. Wurin taya ma sai an buɗa shi: tayar tsere ba ta cika wuce santimita 3 a faɗi ba, ta tafiya takan kai 4 ko 5, ta rairayi kuwa 10 ko fiye. Daɗin daɗawa, tun a zane ake tanadar wuraren ɗaure kariya ta gaba da ta baya da goran ruwa, a sa su ƙasa-ƙasa, gama kaya in sun yi bisa da yawa rinjayar keke suke yi.

Bututu mai kauri a baki

Ganga ba da sandar ƙarfe ake yin ta ba, da bututu ne. A nan akwai wata dabara da ido ba ya gani. A shekara ta 1897, Alfred Reynolds na birnin Birmingham ya yi rajistar hanyar yin bututu mai kauri a bakinsa biyu, siriri a tsakiya. Baki shi ne inda wuta za ta taɓa, nan ne kuma wahala ta fi taruwa. Tsakiya ba ya bukatar kauri sosai. Bututu irin wannan kaurin jikinsa yakan zama milimita 0,9 a baki, 0,6 a tsakiya, watau bai kai milimita ɗaya ba ko'ina. A 1935 kamfanin Reynolds ya fito da bututu mai lamba 531, na ƙarfe da aka gauraya da waɗansu ma'adinai don ƙarin ƙarfi, ya kuwa yi shekaru da dama shi ne abin alfaharin masu keken tafiya. Maƙeri yakan zaɓa wa ƙaton mutum mai kaya da yawa bututu mai faɗi da kauri, ƙaramin mutum kuma ya ba shi marar nauyi. Masana'anta mai fitar da dubban kekuna iri ɗaya ba ta da halin yin wannan.

Aikin wuta

Bayan an yanka bututu da zarto, sai a goge bakinsa da magagari har ya yi lauje, ya zauna daram bisa jikin ɗan'uwansa ba tare da kafa ba. Sa'an nan a ɗaure su duka bisa wani teburin ƙarfe mai maƙalai don kada kusurwa ta goce.

Hanyoyin haɗawa uku ne. Ta fari, a zura bututun biyu cikin wata ƴar kwasfa ta ƙarfe, a gasa da wutar gas, a narkar da tagulla ko azurfa ta kwarara tsakaninsu. Ta biyu, ba kwasfa, sai a tara narkakkiyar tagulla kewaye da mahaɗin, a goge ta ta yi sumul. Ta uku ita ce walda ta lantarki wadda ake yi cikin iskar argon, inda ƙarfen kansa ke narkewa. Tagulla tana narkewa a wajen digiri 900, gaurayen azurfa a ƙasa da 700, ƙarfe kuwa sai ya wuce 1400. Gwanintar duka tana ga sanin zafi. In wuta ta yi kaɗan, tagulla ba ta shiga ciki ba, mahaɗi ya yi kyau a ido alhali cikinsa fanko ne. In ta yi yawa, ƙarfen da ke gefen mahaɗin ya raunana, nan ne kuma zai tsage wata rana. Daga ƙarshe a auna gangar a tabbata ƙafar baya tana bin sawun ta gaba, kana a shafa fenti.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Faransawa sun daɗe da ɗaukar wannan sana'a da muhimmanci. Daga shekara ta 1934 suka fara wata gasa wadda keke ake gwadawa, ba mahayi ba. Akan bi munanan hanyoyin duwatsu kwana da kwanaki, alƙalai su auna nauyin kowane keke, kuma duk abin da ya karye ko ya kwance a rage maki. A irin wannan gasa ne sunan maƙera kamar René Herse da Alex Singer ya fito. Gasar ta mutu bayan ƴan shekaru da ƙare yaƙin duniya na biyu, aka sake tayar da ita a garin Ambert a 2016.

A Kaliforniya ta Amurka kuma, a 1976, waɗansu samari suka fara tseren gangarowa daga dutse bisa tsofaffin kekuna masu nauyi, gangunan suna ta lanƙwashewa da karyewa. Ganin haka ɗayansu, Joe Breeze, ya zauna a 1977 ya ƙera sabuwar ganga musamman don daji, ya yi guda 10. Na farinsu yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. Daga nan keken daji, wanda Faransawa ke kira VTT, ya bazu cikin duniya.

Abin da ya sa ba a bar ƙarfe ba

Yau ana yin ganga da alminiyam da titaniyam da zaren kabon, waɗansunsu sun fi ƙarfe rashin nauyi nesa ba kusa ba. Duk da haka da yawa daga masu doguwar tafiya ƙarfe suke zaɓa. Wani tsohon labari ya isa ya nuna dalili. A gasar kewaya Faransa ta 1913, gwafar keken Eugène Christophe ta karye yana gangarowa daga dutsen Tourmalet, alhali yana cikin na gaba-gaba. Ya saɓi keken a kafaɗa, ya taka kilomita 10 ko fiye har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera. Dokar gasa ta hana kowa ya taimake shi, sai ya ɗauki guduma ya gyara da hannunsa. Da yake hannu biyu ba su isa riƙon ƙarfe da guduma da zuga-zugi ba, wani yaro ya zuga masa wuta, alƙalai kuwa suka ci shi tarar mintoci saboda haka. Ya yi asarar awoyi, amma ya hau kekensa ya ƙare gasar yana na 7.

Watau ƙarfe yana gyaruwa duk inda akwai wuta da mai hannu. Alminiyam sai da na'ura ta musamman, galibi kuma sai an sake gasa gangar bayan walda. Zaren kabon ba ya waldawa sam. Bugu da ƙari, ƙarfe yakan yi gargaɗi kafin ya karye: fenti ya tsage, siririn layin tsatsa ya fito, keke ya fara ƙara.

Wannan magana ta shafi duk mai keke da duk mai walda, ko ba za a ratsa Sahara ba. Mai niyyar tafiya mai nisa ya wanke gangarsa ya duba ta da kyau, musamman ƙarƙashin babban bututu kusa da wuyan keke, da kewayen gindin feda, da inda ƙafar baya da kariya suke ɗaure. In yana shakkar ganga ta karkace, ya ɗaura zare daga bakin ƙafar baya na dama, ya kewayo da shi ta wuyan keke zuwa na hagu, ya auna tazarar zaren da bututun sirdi a kowane gefe. In ba su zo daidai ba, akwai gyara. Mai walda kuma ya tuna bututun nan siriri ne ƙwarai. Waldar lantarki irin ta ƙofa da taga huda shi take yi. Gara wutar gas da tagulla, a sa wa wurin da ya tsage ƴar riga ta ƙarfe, a bar shi ya huce da kansa ba tare da an kwara masa ruwa ba. Aikin da aka yi a natse cikin gari shi ne ke kai matafiyi rijiya ta gaba lafiya.